Hannun da Nake Ba Sauro

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa, ba ni da ƙarfin yi muku kwalliyar magana. Yadda abin ya zo mini haka zan zube muku shi.

Dokta ake ce mini, amma ba irin wadda kuke zato ba, ko allura ban iya ba. Na gama digiri na uku ne, sai na samu aikin bincike na ɗan lokaci a ƙarƙashin wata Farfesa. Irin aikin nan ne da ke ba ɗaliba ba, ke ba malama ba, kina tsaye a tsakiya kamar mai jiran mota. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara. In gwajina na ƙarshe ya fito, a sabunta mini. In bai fito ba, a ce mini an gode. Gwajin kuwa gaba ɗaya a wuyan sauro ya rataya.

E, sauro. Kiwonsu nake yi. Ku yi dariyarku, a gidanmu ma an yi ta har an gaji.

Nawa ba irin na kwata ba ne. A keji aka ƙyanƙyashe su, a keji aka ƙyanƙyashe kakannin kakanninsu. Ba sa ɗauke da wata cuta, kuma tun da aka fara zuriyarsu ba su taɓa haɗuwa da maganin ƙwari ba. Darajarsu ke nan. Da su muke auna na waje, mu gane iya taurin kan da na wajen suka yi wa magani. Shi ya sa ɗakinsu yake da doka: ba turare, ba mai mai ƙamshi, wanda kuwa ya taɓa maganin ƙwari ko bakin ƙofar ba ya zuwa.

Matansu ba sa yin ƙwai sai sun sha jini. Mun ɗuma musu jini a ɗan kwano, muka rufe da wata 'yar fata mai laushi, suka ƙi, 'yan gata. Abokiyar aikina, wadda kowa ke kira Doguwa, ta taɓa ba su hannunta sau ɗaya, ta kumbura har sai da aka kai ta asibiti. Sai ya rage ni. Ina naɗe hannun riga, in zura hannuna na hagu ta bakin kejin, in zauna ina kallon bango har su ƙoshi.

Da can yana ƙaiƙayi. Yanzu ko ɗis ba na ji. Ranar da Abbanmu ya rasu hannun nan yana cikin keji, wayata tana jaka tana ta ruri. Kafin in isa gida an riga an rufe masa fuska. Ban yi kuka ba a ranar, na ce sai mutane sun watse. Mutane suka watse, kukan bai zo ba. Tun daga nan komai nawa ya koma irin hannun: ina ganin abu yana cizo na, amma ba na ji.

Gida kuwa daga ni sai Umma. Da safe in auna mata jini, in tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwayarta, don in na juya baya ƙarƙashin filo take turawa. In dafa na rana in zuba a kula, in ruga in tari mota. A wurin aiki in shiga ɗakin sauro mai zafi da gumi, in fito in shiga ofis mai sanyin tsiya. Da yamma in biya kasuwa. In dawo in tarar da wata gwaggo ta kawo takardar asibiti in duba mata, in ce ni ba wannan doktar ba ce, ta ce to karatun me na yi shekara da shekaru. Yayata tana gidan mijinta, amma ta waya take mulkin gidanmu.

Ita ce ta kawo maganar aurena da Mai Kemis.

Shagonsa yana bakin layinmu, a nan nake sayen maganin Umma. Mutum ne mai tsabta, kayansa kullum a goge, magana a hankali kamar yana tsoron kar ta zube. Saƙonninsa ba sa canjawa.

"Dokta, barka da hutawa."

Ni da ban zauna ba tun asuba.

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

Ko na ci ko ban ci ba, amsar ke nan. Kar ku tambaye ni ko ina son sa. Ba na ƙin sa. In ya yi sallama ina amsawa, in ya tafi ina kwashe kofuna. Yaya ta ce hakan ma ya isa, sauran a ciki ake samu.

Wata rana na miƙa hannu zan karɓi leda a shagonsa, hannun rigata ya zame. Ya ga tabbunan, tun daga wuyan hannu har gwiwa, tsoho a kan sabo.

"Subhanallahi! Dokta, me ya cinye ki haka?"

"Sauro."

"Haka suke a gidanku?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai wata mata ta shigo da jariri yana tsala kuka. Ya juya wajenta, yana ce mini, "Ki bar mini wannan." Na ɗauka zancen samari ne, na ɗauki ledata na fita.

Umma kuwa ta daɗe da yanke nata hukuncin. "Bin ki suke yi a cikin kaya," in ji ta. "Su maƙale a mayafi, ki kawo su gida, su kwana suna cin ki."

"Umma, na faɗa miki, ni nake ba su da kaina."

"Ke dai ba kya rabo da shirme. Kar in ƙara jin wannan maganar a bakinki, mutane su ce karatu ya taɓa ki. Mace da hannu kamar an yayyafa mata barkono, wa zai gani ya so?"

To, a wancan makon mura ta kama ni, irin wadda ko albasa aka yanka a gabanki ba za ki sani ba. Ranar Laraba da safe na buɗe durowar kayana, na tarar an ninke komai tsaf, riguna gefe, mayafai gefe. Na taɓa, na ji ɗan danshi-danshi.

"Na gyara miki," Umma ta ce daga ƙofa. "Kaya a hargitse sai ka ce an yi dambe a ciki. Yau ki dawo da wuri, yaron nan zai zo da la'asar, yayarki ma tana hanya."

Na ce an gode. Na zari doguwar riga ruwan toka mai faɗin hannu, da mayafinta, na fita.

A wurin aiki na ɗora farar riga a sama, na naɗe hannayen biyu kamar kullum. Bakin kejin wani yadi ne mai kama da hannun riga, ta nan ake zura hannu, don haka dole kayanki su goge shi. Na zura. Na jira. A al'ada kafin in gama zama sun rufe fatar baƙi ƙirin. Ranar sai ɗaya ta sauka, ta tashi. Wata ta sauka, ta tashi. Na ce ko zazzaɓin murar ne ya canja musu ni. Na matsa keji na gaba, da na gaba, har na zagaye su duka. Kowanne na bar masa gogar hannun rigata.

Daga nan na koma kan 'ya'yansu, tsutsotsin da ke iyo a farantan ruwa. Hancina yana zuba, ina sharewa da bakin mayafi, ina ɗibar garin abincinsu da yatsun nan ina barbaɗawa. Faranti ɗaya ne ban kai gare shi ba. Doguwa ta ɗora shi can saman kanta, ita kullum mantawa take ba kowa Allah Ya ba tsawo ba. Ina neman kujerar da zan taka sai wayar Umma.

"Kina ina? Yayarki ta iso."

Na ce Doguwa ta ji da na saman, na cire farar riga na tafi.

Yaya ta zo mini da leshi daga gidanta, ruwan zuma, mai dogon hannu har wuyan hannu. "Don a rufe abin kunya," ta ce, tana ja mini zif bayan na yi wanka. Ta ɗaura mini ɗankwali, ta goga mini hoda, ta ce in saki fuska ko kaɗan ne, ba gidan makoki za ni ba. Na saki iya abin da ya saku.

A falo an canja labule, an ɗauko kofunan gilashin da ba a taɓawa sai da baƙi. Kujerar Abba tana nan a kusurwa, ba mai zama a kanta. Mai Kemis ya zo cikin fararen kaya, ya zauna a bakin doguwar kujera, gwiwoyi a haɗe. Yana ba ni labarin reshen shago da yake son buɗewa, ina cewa "Allah Ya sa albarka" a inda ya dace, sai wayata ta motsa a cinyata. Doguwa ce.

"Ki zo. Suna zuba."

Sai hoto. Ƙasan kejin farar takarda muke shimfiɗawa. Ba a ganin farin.

Sai bidiyo. Suna kwance a bayansu, ƙafafu suna karkarwa. Na san wannan karkarwar. Ita muke jira mu gani in mun sa musu guba da gangan a wajen gwaji.

"Af, na manta ban tambaya ba," in ji Mai Kemis, yana murmushi. "Ya ɗakin naki yanzu? Katan guda na maganin sauro na turo wa Umma. Irin mai kama yadi ne, ba shi da wari sosai, kuma yana daɗewa a jikin kaya."

Umma, wadda ta ce za ta shiga ciki amma ashe tana bayan labule, ta ɗaga murya. "Ɗaya bayan ɗaya na bi kayan nata, har mayafai. Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

"Amin, Umma."

Na kalli wayar. Na kalli kofin lemo da ke gabansa, ƙanƙara tana narkewa a ciki. Ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Shiru.

"Madalla," na ce. Sannan na miƙe. "Don Allah kai ni wurin aiki."

Yaya ta biyo ni har ƙofa tana zare ido, tana cewa wane irin wulaƙanci ne wannan, baƙo ko lemonsa bai sha ba. Ban tsaya ba.

A mota na miƙa masa wayar, na yi masa bayanin da ban samu yi a shago ba. Gajere ne, bai kai mu ƙarshen layi ba. Ya taka burki a tsakiyar titi, masu babur suna zagin sa.

"Innalillahi. Dokta, wallahi tallahi ni..."

"Na sani. Tuƙa."

"Ni na ɗauka taimako..."

"Na sani."

Da muka isa ya buɗe ƙofa zai biyo ni. Na ce ya zauna, mutumin da ya wuni a shagon magani ko barandar ba a barin sa ya taka. Ya koma ya zauna, hannu biyu a kan sitiyari.

Ni ma ɗin ba a bar ni na shiga ba. Ta gilashin ƙofa na tsaya ina kallo. Doguwa tana share su da ɗan buroshi zuwa cikin leda, tana kuka, kafaɗunta suna rawa. Farantan ruwan duk sun yi tsit, tsutsotsin sun taso sama sun miƙe. Shekarun da na yi ina ba su jinina ne ake ƙullewa a leda. Kun san abin da nake tunani a lokacin? Cewa ƙwayar Umma ta kusa ƙarewa.

Farfesa ba ta iya faɗa ba, shi ya sa muke tsoron ta. Ta cire tabarau ta riƙe.

"Me kika sa yau da safe?"

Na faɗa mata komai.

"Mahaifiyarki."

"E."

Ta daɗe tana goge tabarau ɗin da gefen riga. "In muka nemi sabon iri daga wani wuri, kafin ya iso ya zauna, kwantiraginki ya ƙare. Kin san wannan." Na ce na sani. "Faranti ɗaya ya tsira, na saman kanta. Mun kai shi wani ɗaki. In suka tashi suka yi ƙwai, muna da sauran magana. In ba su yi ba, ba sai na faɗa miki ba."

Ban gaya wa Umma ba. In ce mata me? Matar da jininta ke hawa don an bar ƙofa a buɗe. Na kwashe kayana na ce wanki zan kai, na sayi riguna biyu a kasuwa na ajiye a wurin aiki, can nake canjawa. Muka wanke ɗakin sauro tun daga rufi har ƙasa, muka zubar da yadin kejin duka. Kullum in leƙa farantin nan guda, in ƙirga masu motsi da ido, in koma ofis in zauna gaban kwamfuta ba abin rubutawa.

Mai Kemis ya daina "barka da hutawa". Saƙonninsa suka koma dogaye, ban buɗe ba. Kan guda ɗaya kawai na gani yana leƙowa: "Na kwashe sauran katan ɗin, na ce wa Umma ya lalace ne. Ban faɗa mata ba. In akwai abin da..." Sauran yana ciki.

Tsutsotsin suka zama sauro, 'yan kaɗan, matan ba su cika tafin hannu ba. Sai sun ɗan yi ƙwari kafin su iya shan jini, don haka muka jira. Hannuna kuwa, da ya samu hutu, sai ya fara warkewa. Jan ya dushe, ƙurajen suka kwanta.

Jiya Asabar da hantsi Umma ta kira ni ɗakinta. Yayyen Mai Kemis mata za su zo ganina yau Lahadi, Yaya ta shirya komai, har ta ce wannan karon riga mai gajeren hannu za a sa. Umma ta zaunar da ni a bakin gado, ta ɗora hannuna a cinyarta, ta lakato mai tana shafawa a hankali, tana juya shi gaban taga.

"Kin gani ko? Dubi fata, tubarkalla. Maganin yaron nan ya yi aiki."

"Ya yi aiki, Umma."

"To daga yanzu har su zo su tafi, kar ki bari ko ƙuda ya sauka a nan."

Wayata ta motsa. Doguwa.

"Biyu sun sake mutuwa da safe. Sauran sun isa sha, amma sun yi laushi. Ban ga za su kai Litinin ba. In za ki zo, ki zo yanzu."

Na zare hannuna, na fita tsakar gida, na buɗe famfo. Na ɗauki sabulun wanki marar ƙamshi na fara wanke man. Ban ji tahowarta ba sai da ta damƙi wuyan hannuna.

"Me kike yi? Man da na shafa yanzu-yanzu?"

"Ba sa son mai."

"Su wa?"

Na gaji, 'yan uwa. Ba fushi ba, gajiya. Na goge ɗaya hannun a zane, na buɗe waya, na nuna mata wani tsohon bidiyo da Doguwa ta taɓa ɗauka don wasa: ni a zaune, hannuna a keji, sun rufe shi, ina hamma. Ta karɓi wayar ta kawo kusa da ido. Sai na matsa mata na ranar Laraba, ƙafafun nan suna karkarwa, da ledar da aka ƙulle.

Ta kalla har ya ƙare. Ta ce in sake sa mata. Na sake.

"Wato da gaske kike yi. Ke kike ba su."

"E."

"Waɗannan fa? Me ya same su?"

Na karɓi wayar daga hannunta. Famfo yana ta zuba a kan ƙafafunmu. Ta kalli igiyar shanya, inda mayafin nan ruwan toka yake rataye tun da na dawo da shi daga wanki. Ta daɗe tana kallon sa.

"Aikin naki fa?"

"Saura kaɗan suka rage. In suka sha yau suka yi ƙwai, ina da aiki. In ba su sha ba, shi ke nan."

"Kuma in kika ba su, gobe hannun ya koma yadda yake."

"E."

Ba ta saki hannuna ba. Ta kashe famfon da ɗaya hannun. Na zaci faɗa za ta yi, ko ta kira Yaya, ko ta ce in zaɓa tsakanin sauro da mutane. Na shirya wa duka ukun, don babu wanda zai taɓa ni a cikinsu.

Sai ta sake ni. Ta kama hannun rigarta ta fara naɗewa, a hankali, har sama da gwiwa. Fatar ta saki, duk jijiyoyi, ga tabon ƙunar man girki na tun muna yara. Ta ɗauki sabulun da na ajiye, ta sake buɗe famfo, ta shiga cuɗawa da ƙarfi kamar mai wanke tukunya.

"Wannan ne marar ƙamshin ko? Ya isa haka, ko in ƙara?"

"Umma, me kike yi?"

"Nawa hannun babu mai zuwa dubawa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗauko mini mayafi a cikin nawa, waɗanda ban fesa ba, mu je."

Na buɗe baki in ce mata ba a yarda ba, akwai doka, akwai hawan jininta, Farfesa ba za ta bari ko ƙofar ta taɓa ba. Maganar ba ta fito ba. Wani abu ne ya fito a madadinta, mai zafi, tun daga can ƙasan ƙirji, wanda nake jira tun ranar Abba. Na durƙusa a cikin ruwan sabulun nan na riƙe ƙafarta ina kuka kamar ana yanka ni, ita kuwa tana tsaye da hannu ɗaya duk kumfa, tana cewa, "Tashi mana, 'yar nan, kin ce yunwa suke ji."